Aikin Sauti a Daren Jimmy Webb

Sana'ata ita ce kula da na'urorin sauti a wani ƙaramin zauren wasa a Amurka, kuma cikin waɗanda na yi wa aiki babu wanda ya sa na sake duba sana'ar kamar Jimmy Webb, dattijon da ya daɗe yana zagaya garuruwa daga shi sai fiyano, yana rera waƙoƙinsa tare da ba da labarin yadda aka yi su.

An haife shi a shekarar 1946 a jihar Oklahoma, mahaifinsa fasto ne, kuma tun yana yaro yake kaɗa fiyano a coci. Mutane da yawa sun haddace waƙoƙinsa ba tare da sun san sunansa ba, domin wasu ne suka rera su suka yi suna. Shi ya rubuta "Up, Up and Away" wadda ƙungiyar 5th Dimension ta fitar a 1967, haka kuma shi ya rubuta "Wichita Lineman" da "Galveston" waɗanda mawaƙi Glen Campbell ya rera. Wannan zagaye da yake yi, a ganina, hanya ce ta mai aikin bayan fage ya fito ya nuna fuskarsa.

Abu na farko da na fahimta tun wajen gwajin sauti shi ne, magana ce jigon daren, waƙa kuwa rakiya take yi mata. Mun saba ƙawata muryar mawaƙi da ɗan amsa-kuwwa don ta yi zaƙi, amma idan aka bar wannan adon a kan mai ba da labari, sai kalmominsa su cakuɗe kamar mai magana a cikin rijiya. Dole ne hannuna ya zauna a kan maɓalli, in kashe adon idan ya juyo ga jama'a, in mayar da shi da zarar ya shiga baiti. Wahalar ita ce ba ya sanar da shigarsa. Yakan ci gaba da magana yatsunsa na yawo a kan fiyano, har sai ka ankara waƙar ta riga ta fara. Saboda haka na daina kallon takardar jerin waƙoƙi, na koma kallon kafaɗunsa da yadda yake jan numfashi.

Labarin "Wichita Lineman" ne ya fi kama zauren. Bayan nasarar "By the Time I Get to Phoenix", waƙar Webb mai sunan birnin Phoenix da Campbell ya rera, Campbell ya nemi wata waƙar mai sunan gari, sai Webb ya tuna wani ma'aikacin wayar tarho da ya taɓa gani shi kaɗai a saman turke a karkarar Oklahoma. Ya aika da waƙar yana ganin bai kammala ta ba, amma kafin ya waiwaya an riga an ɗauke ta a faifai a 1968, an cike gurbin baitin da ya rage da kiɗan jita. Yawancin masu sauraron tsofaffi ne da suka san labarin, duk da haka suka yi dariya a daidai wurin dariya, abin da ya nuna mini cewa ba sabon bayani suka zo nema ba, so suke su ji shi daga bakin mai shi. Da ya ambaci rasuwar Campbell a 2017 bayan fama da cutar mantuwa, na rage ƙarfin fiyanon kaɗan don kada ya danne maganar.

Muryar Webb ba ta kai ta waɗanda suka rera waƙoƙinsa ba, balle yanzu da shekaru suka ja, kuma waƙarsa "MacArthur Park", wadda ta haura minti bakwai a bakin ɗan fim Richard Harris, ba ƙaramin aiki ba ce ga mutum ɗaya. Ban yi ƙoƙarin ɓoye wannan da na'ura ba, domin jama'a sun fi yarda da muryar yadda take. Tun daga lokacin, duk marubucin waƙar da ya zo da irin wannan shiri, nakan roƙe shi ya fara gwaji da ba ni labari guda cikakke, in daidaita makirufo a kan maganarsa, sannan mu shiga waƙa.