Jirgin Feshin da Na Ƙera a Shagon Caji

Shagona rumfar kwano ce a wani ƙauye da ke tsakanin Auyo da Haɗeja. Faifan sola biyu a kan rufi, batura biyu a ƙarƙashin tebur, sai jerin soket da ke ɗaukar waya 40 idan rana ta buɗe sosai. Sana'ar caji sana'ar zama ce. Mutum ya kawo wayarsa da safe, ka manna mata lamba, ka ba shi ɗaya ya tafi gona, shi ke nan sai la'asar. A cikin wannan zaman ne na zama maƙerin jirgin sama, alhali ban taɓa taka matakalar jirgi ba. Iyakata bakin waya a filin jirgin Dutse, shekarar da muka raka Kawu zai tafi aikin Hajji.

Ɗan wan babana da ke karatu a Wudil ne ya saya min wani wasan ƙera jirgi ya saka a wayata. Sunansa SimplePlanes, wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Jundroo ne ya fitar da shi a 2014. Ba a miƙa maka jirgi a ce tuƙa. Fili ake ba ka, da kujerar matuƙi, da tarin kaya: fuka-fukai, injuna, farfela, tayoyi, tankin mai, da gutsattsarin gangar jiki da kake ja su yi tsawo ko ka matse su su tsuke. Kai za ka harhaɗa. In ka gama sai a ajiye maka abinka a kan titin jirgi a wani tsibiri, filin da suka raɗa wa sunan Wright, 'yan'uwan nan biyu da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903. Tashinsu na farko daƙiƙa 12 ne, nisan kuwa bai kai mita 40 ba. Na auna da taku, daga shagona zuwa masallaci ya fi haka. Wannan ya kwantar min da hankali a makonnin farko, don nawa jiragen ko daƙiƙa 12 ɗin ba sa yi a sama.

Galibin masu wasan jirgin yaƙi suke ƙerawa. Ni wani jirgi ne daban ya tsaya min a rai tun ina yaro. Duk wanda ya taso a fadamar Haɗeja ya san jan-baki. Suna kwana a cikin kacalla, da asuba su taso kamar hayaƙi, su sauka a kan shinkafa tana cikin nono, kafin hantsi sun bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Mu ne 'yan tsaro. Igiya daga wannan kusurwar gona zuwa waccan, an rataye gwangwanaye da tsakuwa a ciki, kana ja kana ihu har muryarka ta dushe. Wata shekara abin ya fi ƙarfin gwangwani, gwamnati ta turo jirgin feshi. Dab da magariba ya zo, lokacin da tsuntsayen ke komawa makwanci. Ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, har na ga kan matuƙin. Inji ɗaya a hanci, fuka-fukai a ƙasan ciki, tayoyi biyu a gaba da ƙarama a wutsiya, da bututu kwance a bayan kowane fiffike. Ganin da na yi masa ke nan, bai fi ƙiftawar ido uku ba, kuma da shi na yi aiki.

Na ƙera shi cikin kwana huɗu, ya yi kyau a ido. Da na ba shi wuta sai ya ruga a kan titi, ya ɗaga hanci, ya ci gaba da ɗagawa har ya miƙe tsaye kamar doki ya yi tirjiya, ya kifa ta baya, ya tarwatse. Na sake. Haka. Na ƙara ƙarfin inji, sai ya fi saurin kifawa. Na ƙara faɗin fiffike, na canza taya, na cire bututun gaba ɗaya. Komai nisan jifa, in ji masu magana, to nawa jifan ko nisan ma ba ya yi.

Akwai wani maɓalli a wurin ƙira da ke nuna maka wasu 'yan dunƙule masu launi a cikin jirgin. Ɗaya yana nuna inda nauyin jirgin ya taru, ɗaya inda iska ke tallabe shi, ɗaya kuma inda inji ke tura shi. Na sha ganinsu, na ɗauka ado ne. Wanda ya warware min su mutum ne da bai san karatun boko ba, kuma ba ya son wasan.

Baba ya zo karɓar wayarsa bayan la'asar, ya same ni ina tsaki. Ya leƙa, ya ga jirgin ya miƙe ya kifa.

"Wannan shi ne abin da ke hana ka jin sallamar mutane?"

"Baba, ya ƙi tashi ne. Da ya ɗaga sai ya faɗi ta baya."

"Sake in gani."

Na sake. Ya kalla har ƙarshe, ya gyara hularsa. "Lodinka ya yi baya. Ka manta ranar da kuka loda taki a gindin amalanke, sandar ta ɗaga ta kusa shaƙe min shanu? Kaya kan ɗan rinjayi gaban taya, kaɗan, ba da yawa ba. In ya yi gaba sosai kuma ka danne musu wuya."

Ya ɗauki wayarsa, bai biya kuɗin caji ba, kamar kullum.

Na kunna dunƙulen nan. Na nauyi yana bayan na iska da tazara mai yawa, don na cusa tankin mai da tankin maganin a bayan matuƙi. A jirgi, inda iska ke tallabe fiffike shi ne mazaunin tayar amalanke. Nauyi sai ya ɗan gabace shi, yadda hanci zai riƙa neman sunkuyawa, ƙaramin fiffiken wutsiya kuma ya riƙe shi. In nauyin ya koma baya, da hanci ya ɗaga babu abin da zai mayar da shi, sai ya yi ta ɗagawa har iska ta daina bin bayan fiffike, jirgi ya zama dutse. Na mayar da tankin maganin tsakanin inji da matuƙi, na ja fuka-fukan baya kaɗan. Daga baya na ga hotunan jiragen feshi na gaske, ashe a nan suke ajiye tankin. Na ba shi wuta. Wutsiya ta ɗaga tukuna, ya gudu a kan tayoyi biyu, sannan ya rabu da ƙasa a hankali kamar belbela. Na yi kabbara da ƙarfi, mai shayin da ke gefena ya zaci kuɗi suka shigo min.

Sauran gyaran ya ci wata guda. Jirgin feshi dole ya iya tafiya a hankali kusa da ƙasa, don haka yana son fiffike mai faɗi. Na ɗan ɗaga bakin fuka-fukan sama, ya daina karkata da kansa. Saukarwa ce ta fi ba ni wuya, don jirgi mai taya a wutsiya in ka taka birki da ƙarfi sai ya ci da hanci. Har yau cikin sauka biyar ina lalata biyu.

Wayata ita ta yanke min girman jirgin. A shafin wasan za ka ga jiragen da aka ƙera da gutsure dubu biyu, dubu uku, har da agogunan cikin ɗakin matuƙi da ƙusoshin jikin fiffike. Masu kwamfuta ke nan. Na taɓa sauke ɗaya, wayata ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, ta sanƙare, sai da na kashe ta. Ni da na haura gutsure 150 take fara tari. Saboda haka duk abin da ba ya aiki na cire shi, ban da bututun feshin, wanda ba ya fesa komai amma ba zan iya rabuwa da shi ba. Ya tsaya a gutsure 74. Na shafa masa ruwan ɗorawa, na ja kore da fari a wutsiya, na sa masa suna Jan-Baki.

Ɗora shi a intanet sai da na hau tudun bayan makarantar firamare bayan sallar isha, inda sabis ke kamawa. Na rubuta bayani da ɗan Turancin da na tsira da shi daga sakandare, cewa jirgin korar tsuntsaye ne daga gonar shinkafa a Najeriya. Kwana biyu shiru. A na uku na ga mutum shida sun dangwala masa alamar yabo, wani kuma ya rubuto daga Indunusiya cewa su ma tsuntsaye na cinye musu shinkafa, kuma wannan ne jirgi na farko a makon da ya tashi a tsohuwar wayarsa ba tare da ta maƙale ba. Ashe muna da yawa, masu ƙananan wayoyi, muna zagaye manyan jiragen nan muna kallo kamar yara a bakin shagon mai gashin nama.

Tsarin wurin shi ne kowa na iya sauke jirginka ya kwance shi, ya gyara, ya sake ɗorawa, shafin kuma ya nuna cewa daga naka aka samo. Wannan ya yi min daɗi har ranar da wani ya ɗauki Jan-Baki ya shafe shi da baƙin fenti, ya cire bututun, ya rataya masa makamai masu linzami guda takwas da bindiga a hanci. Yabon da ya samu ya ninka nawa sau uku. Sunana na nan a ƙasa, ban ce an yi min sata ba, amma raina ya ɓaci kamar ka ba da aron garma a dawo maka da ita an ƙera takobi. Na sauke nasa don in gani. Nauyin makaman ya rinjaye shi gaba, sai ka ja linzami har ƙarshe kafin ya rabu da titi. Na rubuta masa maganar amalanke, na goge, don na rasa yadda ake cewa amalanke da Turanci.

Wani kuma, wanda ban san ƙasarsu ba, ya ɗauka ya taɓa abu ɗaya kawai. Ya matsa da tayoyin gaba zuwa gaba kaɗan, ya rubuta layi biyu yana bayanin dalili. Da nasa gyaran nake sauka yanzu, shi ya sa biyu nake lalatawa ba huɗu ba.

Ƙanena, autanmu, ba na ba shi wayar don hannunsa ba ya rabo da manja. Sai ya zauna a bayana ya yi ta kallo. Ran nan ya shigo da Jan-Baki na karan dawa, ya fere ɓargon ya yi gangar jiki, ya tsaga bawon ya yi fuka-fukai, farfelar gwangwanin madara ce. Ya ce, "Yaya, duba lodin." Ya ɗora shi a kan yatsa ɗaya a ƙarƙashin fiffike, hancin ya ɗan sunkuya. Yana rataye a shagon yanzu, sama da soket.

Abin da ke hannuna a yanzu ya fi wuya. A 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku, samfurin DH.9A, suka taso daga Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, tun kafin a gina filin jirgin da yanzu ake kira Malam Aminu Kano. Fuka-fukai hawa biyu ne da su, da sanduna da wayoyi a tsakani, matuƙi da abokinsa kansu a waje. Na duba shafin ban ga wanda ya yi su da sunan Kano ba. Matsalar ita ce wayoyin nan, kowace ɗaya gutsure ce mai zaman kanta, na riga na kai 131 kuma ban sa wutsiya ba. Jiya na cire rabinsu, jirgin ya koma kamar gadon kara. Yau da safe na mayar da huɗu, kafin mai kifi daga kasuwar Haɗeja ya kawo wayoyi uku da fitila ya ce lallai kafin azahar.