Tarihin Rayuwar Count Basie, Kashi na 4: Yawon Kiɗa da Blue Devils

A makon jiya mun bar Bill Basie, mai kaɗa fiyano da daga baya aka sani da Count Basie, a Kansas City, bayan ayarin 'yan wasan da ya biyo ya watse a 1927, yana kaɗa ogan a silimar Eblon, zamanin da fim ba ya magana. A 1928 ya shiga Blue Devils, ƙungiyar makaɗan jaz ta Walter Page mai mazauni a Oklahoma City.

Irin waɗannan ƙungiyoyi kowace da yankinta. Blue Devils na zagaya Oklahoma da Teksas da Kansas da Missouri, yau nan gobe can, dare ɗaya a kowane gari. Mutum ɗaya ke yin gaba ya kama zauren rawa, ya manna takardun talla, ya yi ciniki da mai zaure. Cinikin iri biyu ne: ko a yanke kuɗi tun kafin a zo, ko a ba makaɗa kaso daga kuɗin ƙofa. Na biyun ne ke kayar da mutane. In aka yi ruwa, ko wata ƙungiya ta riga su gari, sai a kwana ana busa wa kujeru. Dole kuma a tsayar da ɗan ƙungiya a bakin ƙofa yana ƙirga masu shiga, in ba haka ba lissafin mai zaure ne kawai zai yi aiki.

Blue Devils ba su da maigida mai biyan albashi. In an tashi, a cire kuɗin mai da na gyaran mota, a raba saura daidai wa daida, muhimmiyar shawara kuma sai an kaɗa ƙuri'a. Tsari ne mai daɗin ji, kuma shi ya riƙe zumuncinsu, amma bai bar komai a asusu ba. Taya biyu su fashe a hanya, kuɗin abincin kowa ya tafi. Ga wariyar launin fata: otal ba ya karɓar baƙar fata a yawancin garuruwan, sai a rarraba makaɗa gidajen mutanen unguwa, ko a kwana a mota.

Wahalar Basie ta daban ce. Mai kakaki da mai sakzofon suna rungume da kayansu, shi kuwa fiyanon da ya tarar a zaure ita ce tasa, ko sautinta ya karkace, ko wasu maɓallan sun mace. Abin da ya ɗauke shi shi ne bugun Page. Page na busa tuba, yana kuma kaɗa babban bas mai tsirkiya, kuma da bas ɗin yakan tafi da bugu huɗu cif a kowane awo maimakon biyu. Da irin wannan tushe, mai fiyano ba ya bukatar cika hannun hagu da aiki. Sauran kuma gajerun jimlolin kiɗa suke haddacewa, masu kakaki su kira, masu sakzofon su amsa, Jimmy Rushing ya ɗora murya a sama.

Da duk wannan ƙwarewa, sau ɗaya tak Blue Devils suka shiga ɗakin ɗaukar faifai, a Nuwamba 1929, waƙa biyu. Kafin nan Basie ya riga ya koma wajen Bennie Moten, shugaban wata ƙungiyar makaɗa ta Kansas City, wanda ke da faifan kamfanin Victor da aiki tsayayye. 'Yan Blue Devils irin su Eddie Durham da Rushing da Hot Lips Page duk can suka nufa ɗaya bayan ɗaya, daga baya har shi Walter Page. Ragowar, ciki har da mai sakzofon Lester Young, sun maƙale a West Virginia a 1933 ba ko sisi, suka dawo a ɓoye cikin taragon jirgin kaya.

Mako mai zuwa za mu ga yadda Basie ya samu kujera a ƙungiyar Moten, wadda maigidanta ma mai fiyano ne.