Talata a asibiti da Umma

Tun da aka idar da sallar asuba muka fita, don in ba ka ajiye kati da wuri ba, layi zai kai ka azahar. A cikin adaidaita, duk ramin da aka faɗa sai Umma ta cije leɓe ta dafe cinyarta. Ba ta ce uffan ba. Ta gaji da jin ana ce mata mai raki.

Abin ya soma ne bayan al'ada ta ɗauke mata. Wasu ƙulalai masu taushi suka fito mata a ƙarƙashin fata, a cinya da damtse da gefen ciki, in an taɓa su ɗan gusa, amma zafinsu kamar an ɗora garwashi. Kowa a gida ya ba da tasa fatawar. Gwaggo ta ce sammu ne, aka yi ta kawo rubutu. Wanzami ya kafa ƙaho, wurin ya tara jini ya yi baƙi, ya daɗe bai washe ba. Yaya kuma ya ce ƙiba ce kawai, ta rage tuwon dare. Ta rage ɗin, har zani ya soma yi mata yawa, ciwo yana nan daram.

Likitar da muka samu mace ce, kuma tambayarta ta fi dubawarta tsawo. Ciwon ya haura wata uku? Tana samun barci? Akwai kasala da yawan mantuwa? In ta ɗan bugu wurin yana saurin tara jini? Duk Umma ta amsa da e. Sai likitar ta ɗauko sakamakon sikanin da aka yi wa Umma ta yi mana bayani: ƙullin kitse da aka saba gani ba ya ciwo, mutum kan yi shekaru da shi bai damu ba. Amma in suka yi yawa suna zugi haka a jikin mace mai ƙiba, to ana zargin cutar Dercum. Wani likitan jijiyoyi ne a Philadelphia ta Amurka, Francis Dercum, ya yi bayaninta a 1892. Ta ce ba kasafai ake ganinta ba, ta fi kama mata nesa ba kusa ba, galibi daga shekara 35 zuwa 50. Har yau ba a gano musabbabinta ba, kuma babu gwajin jinin da ke nuna ta, sai an tabbatar ba wata cutar ba ce tukuna.

Umma ta katse ta: "Likita, ba daji ba ne dai?"

"Ba daji ba ne, Hajiya. Amma ciwon da kike ji gaskiya ne."

Nan fa hawaye ya zubo mata. Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, don na tuna yadda ake kallon juna a tsakar gida in ta ce ba za ta iya zama a kan tabarma ba.

Batun magani ba daɗin ji. Ba a warkar da ita gaba ɗaya, sai dai lallaɓawa. Ƙwayoyin ciwon jiki na kemis sau da yawa ba sa taɓuka komai. Akwai maganin kashe zafi, lidocaine, na mannawa a fata ko na ƙarin ruwa a asibiti. Ana iya cire ƙullin da ya fi takura mata ta tiyata, ko a zuƙe kitsen, sai dai wasu kan sake fitowa, ga kuɗin ba na wasa ba ne. Ta ja mana kunne sosai kada a sayo mata tiramadol, kada kuma a sake kafa mata ƙaho.

Da magariba Gwaggo ta bugo waya. Na zayyana mata komai, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ai asibiti ba sa ganin sammu a na'ura. Umma ta karɓe wayar ta ce, "To Yaya, wanda ya yi mini shi ya yi wa matan Amurka ke nan?" Za mu koma ranar Litinin ta sama don ganin likitan tiyata a kan na cinyar.