Godiya ga waɗanda suka taya ni aikin launukan Birni

Alhamdu lillahi. Sakamakon gwajin ya iso jiya da la'asar, kuma wannan karon ya fito sarai. Watanni na yi ina kwana da tunanin wannan aiki, don haka ba zan bari ranar ta wuce ban yi godiya a bainar jama'a ba.

Ga wanda bai san zancen ba: bincikena a kan launukan gargajiya ne na nan Damagaram, jar ƙasar da ake shafa wa bangon tsoffin gidajen Birni da kuma kwallin da iyayenmu mata ke sa wa ido. Ana gane abin da ke cikin launi ta hanyar haska masa hasken infared, wani haske da ido ba ya gani, a ga wane ɓangaren hasken ya shanye. Gwajin farko bai yi ba, kuma kuskuren nawa ne. Na haɗa samfuran da gishirin KBr, wato fotasiyam buromaid, kamar yadda aka saba, na manta cewa shi wannan gishiri yana toshe haske da zarar an sauka ƙasa da 400 cm⁻¹ a ma'aunin hasken. To, kwalli ma'adinin darma ne da kibiritu, alamarsa tana can ƙasa, a yankin infared mai nisa. Na'ura ba ta ga komai ba. Ranar da labarin ya zo, ko tuwo ban iya ci ba.

Malamina, Allah ya saka maka da alheri. Ba ka yi mini faɗa ba, ka ce in zauna mu sake daga tushe. Kai ka nuna mini a yi amfani da garin foliyetilin, irin robar da ake leda da ita, domin shi hasken yana ratsa shi.

Amma wanda ya fi shan wahalata shi ne Baba mai kula da ɗakin gwaji. Shi ya zaunar da ni gaban ɗan turmin dutsen agat, ya ce in niƙa har sai na daina jin ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taɓarya. Idan garin bai yi laushi ba, haske warwatsewa yake yi, zanen sakamakon ya karkace. Launin da ake bukata kamar miligiram 1 ne kawai, a gauraya da garin robar, a matse su zama ɗan faifai mai faɗin milimita 13. Faifai nawa suka fashe a hannuna! Kullum sai ya ce, “Ɗana, sake.” Shi ya hana ni taɓa su da hannu tsirara, ya kuma sa na adana su cikin kwalba mai shanye laima, don tururin ruwa ma yana shan wannan haske. Dalilin ke nan da ya sa masu na'urar ke hura mata busasshiyar iskar azot, wato naitirojin, kafin su auna. Baba, har magariba ka riƙa kai wa saboda ni, ban manta ba.

Hajiyar da ta bar ni na kankare ɗan ɓarɓashi daga bangon zaurenta, bangon da kakanta ya gina, na gode da wannan amana. Alamar jan ƙarfen tama ta fito a samfurin gidanki, zan kawo miki takardar ki gani. Mai kwalli na kasuwar Dole, ka ba ni dunƙule uku ka ƙi karɓar ko dala.

Sai abokina da ya ɗauki akwatin a kan cinyarsa cikin mota har Yamai, kusan kilomita 900, don kada ya girgiza, kafin a tura shi ƙasar waje inda na'urar take. Inna, addu'arki ta asuba ta kama. Allah ya biya kowa, ya sa a mizani, amin.