Kufan Fadar Heijo da Ɓaraguzan Katakon da Suka Yi Magana

Yawancin masu zuwa Nara a ƙasar Japan haikalin Todai-ji suke nufa, su ga ƙaton mutum-mutumin Buddha na tagulla, su ciyar da barewa, su koma Kyoto kafin faɗuwar rana. Ni kuwa a tashar Yamato-Saidaiji na sauka, na taka da ƙafa zuwa kufan fadar Heijo. Fili ne fetal, ciyawa iya ganinka, jirgin ƙasa kuma yana ratsa tsakiyarsa lokaci zuwa lokaci.

Nan ne mazaunin sarautar Japan daga shekarar 710, lokacin da Sarauniya Genmei ta taso daga Fujiwara, har zuwa 784 da Sarki Kanmu ya tashi zuwa Nagaoka, daga can kuma zuwa Kyoto a 794. Tsarin birnin Chang'an na ƙasar Sin aka kwaikwaya, tituna miƙe samɓal suna gicciye juna. Babban titin da ya nufi ƙofar Suzaku, wato babbar ƙofar fadar ta kudu, faɗinsa ya haura mita 70. Da na tsaya a bakin ƙofar, wadda aka sake ginawa a 1998, na hango babban zauren Daigokuden can nesa a arewa, sai na gane cewa nisan ma da gangan aka yi shi. Duk jakadan da ya shigo, kafin ya isa gaban sarki kwarjinin wurin ya riga ya kama shi.

Abu na farko da na koya: a fara da gidan kayan tarihi da ke gefen yamma kafin a shiga filin. In ba haka ba, za ka wuce jerin ƙananan itatuwa da aka aske su kamar ginshiƙai ba ka san cewa kowanne yana tsaye daidai kan ramin ginshiƙin wani ofishi na da ba. A riƙe ruwan sha da hula kuma, don inuwa ta yi ƙaranci.

Amma abin da ya riƙe ni ya fi ƙarfin gine-ginen. Bayan an tashi daga birnin, wurin ya koma gonakin shinkafa fiye da shekara dubu, kuma laimar ƙasar ce ta hana katako ruɓewa. A 1961 masu tono suka fara cin karo da 'yan falankin katako masu rubutun tawada, waɗanda Japanawa ke kira mokkan. Na daɗe tsugune gaban akwatin gilashin da suke ciki. Wani siriri ne, tsawonsa bai wuce taƙi ba, an yi masa tsaga a kai don ɗaure igiya: alamar kayan haraji ke nan, da sunan lardi da abin da aka aiko, gishiri ko ciyawar teku ko shinkafa. Wasu kuma ɓawon katako ne kawai mai lanƙwasa. Magatakarda in ya gama da rubutu sai ya kankare shi da wuƙa ya sake amfani da katakon, kamar yadda almajiri ke wanke allo, ɓawon kuma ya tafi juji ɗauke da rabin harafi. Akwai wanda mai shi ya yi ta maimaita harafi ɗaya yana gyara hannu. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Littattafan fada sarakuna suka sani, shi kuwa wannan ƙaramin ma'aikaci jujin ne ya adana shi.

A 1988, ana shirin gina wani babban kanti kudu maso gabas da fadar, aka tono irin waɗannan kusan 35,000 a gidan Yarima Nagaya, wanda aka tilasta wa kashe kansa a 729 bisa zargin cin amanar ƙasa. A cikinsu aka karanta shinkafar da ake ware wa karnukan gidan, da madarar da ake kawowa, da ƙanƙarar da ake ɗaukowa daga rumbunta. An gina kantin duk da haka, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo.

Ita fadar da kanta ta tsira ne saboda naci. Wani mai sana'ar shuke-shuke a Nara, Tanada Kajuro, ya ƙarar da abin hannunsa yana neman a kare wurin, ya rasu a 1921, shekara ɗaya kafin gwamnati ta sanya shi cikin wuraren tarihi. Mutum-mutuminsa na nan kusa da ƙofar Suzaku. A 1998 UNESCO ta saka filin cikin kayan gadon duniya, tare da manyan haikalan Nara. Masu tono har yau suna aiki, kuma in sun gama auna wuri sun rubuta, sai su mayar da ƙasa su binne shi yadda suka same shi. A rumfa guda ta gefen arewa maso gabas aka bar ramukan ginshiƙai a buɗe, wani ya ci gefen wani, shaidar cewa an rushe an sake gini a wuri ɗaya sau da dama cikin waɗannan shekaru 74.