Botica ba 'yar'uwar botánica ba ce

Jibi zan mayar da katin laburare in bar Madrid, amma har yau in na wuce kantin magani sai wata Talata ta faɗo mini a rai.

A zango na biyu na karatunmu a Madrid, akan ba ɗalibi kalmar Sifaniyanci ya bi asalinta, ya gabatar a gaban aji. Ni kalmar botánica, wato ilimin tsirrai, aka ba ni in bi asalinta. Da na ci karo da botica, tsohon sunan shagon magani, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: magani daga ganye yake, ga haruffan farko iri ɗaya, ai uwa ɗaya uba ɗaya ne. Minti 15 na yi ina zuba, har da hoton lambun tsirran masarauta na Madrid da aka kafa a 1755. Ƙamus kuwa ko buɗe shi ban yi ba, kunnena na bi.

Malamarmu ta bari na kai aya, sannan ta rubuta kalmomin Girkanci biyu a allo. Botánē ciyawa ce, abincin dabba, dangin bóskein, wato kiwo. Daga ita aka sami botanikós, Latin ya ara, ya miƙa wa Sifaniyanci. Apothḗkē kuwa ɗakin ajiya ne, shi ya haifi botica da bodega, wato ma'ajiyar kaya, har da boutique ta Faransanci, wato ƙaramin kanti, babu ganye ko ɗaya a cikinsa. Kama da wane ba ta wane. Gaskiyarta ce, ban musa ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, takardar gabatarwar ta yi mako biyu a teburinta ba ta ce uffan ba, sai a gaban aji ta mai da ni abin buga misali.

Hutun nan gaba ɗaya haruffan Girkanci na zauna na koya. A gyaran da na miƙa na ƙara da cewa Theophrastus, masanin Girka na dā wanda ake kira uban ilimin tsirrai, phytón, wato tsiro, ya sa a sunan littafinsa, tushen fitología, wani sunan ilimin tsirrai, ba botánē ba. Ni da na taso ina yankar wa awaki ciyawa, na ji daɗi da wannan babban ilimi ya zamana daga makiyaya sunansa ya fito.

Sababbin zuwa, ku duba ƙamus tukuna, kuma kada ku ɗauka shirun malami yarda ce.

Makin cin jarrabawa ta ba ni daidai wa daida. Wurin Theophrastus ta ja layi a ƙarƙashinsa, ba ta rubuta komai ba.