Gahawar Mambila da Farashin da Ake Yankewa a Niyok

Shekara tara ke nan ina hawa tsaunin Mambila sayen gahawa. Kamfanina ƙarami ne, ni da yara huɗu da injin suya guda a Kano. Mu soya, mu niƙa, mu ɗure a leda, mu kai wa kantuna da otal-otal. Da damina ta ɗauke, 'ya'yan gahawa suka yi ja a jikin reshe, sai in kama hanyar Jalingo, in bi ta Bali da Serti, in haura ta Mayo Selbe har Nguroje da Gembu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a sana'ar nan shi ne, manomin da nake saye a hannunsa bai taɓa taka Niyok ba, amma a can ake yanke kuɗin guminsa. Arabika, nau'in gahawar da ke son tudu mai sanyi irin na Mambila, a kasuwar Niyok ake sa mata farashi, da dala a kan kowace laba. Robusta kuma, ɗaya babban nau'in, a Landan. In sanyi ya ƙone gonakin Birazil, kamar yadda ya faru a Yulin 2021, kaya ya yi tsada. In Birazil ta yi kaka mai albarka, ya karye. A 2019 laba ba ta kai dala 1 ba, a Fabrairun 2025 kuwa ta haura dala 4. Mai masara in ya sha kashi bana, baɗi sai ya koma wake. Mai gahawa ba shi da wannan gata, don itacen sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin ya fara haihuwa.

Wani dattijo da nake sauka a gidansa kusa da Nguroje ya taɓa zagayawa da ni gonarsa. Rabinta itacen turare ne, a gindinsu ga kututturan gahawa. Na ce, "Baba, me ya yi zafi haka?" Ya ce, "Ɗana, itacen da ba ya ciyar da kai, ai gara wanda za a sare a yi rufin ɗaki." A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, a 1989 kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya da ke ƙayyade yawan gahawar da kowa zai fitar ta wargaje, farashi ya rikito. A shekarun da suka biyo baya ya sa gatari.

Irin wannan ciwo ne ya haifi tsarin cinikin adalci. A 1988 aka fito da tambarin Max Havelaar a Holan, da gahawar wata ƙungiyar ƙananan manoma ta jihar Oaxaca a Meziko. Daga baya irin waɗannan tambura suka haɗu a inuwa ɗaya, wadda yau ake kira Fairtrade, mai hedikwata a Bon ta Jamus. Zuciyar tsarin ita ce farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Daga 2011 wankakkiyar arabika, wato wadda aka ɓare aka wanke da ruwa kafin a shanya, dala 1.40 ce a laba, a Agustan 2023 aka ɗaga zuwa dala 1.80. Kasuwa ta faɗi ƙasa da haka, mai saye ya biya wannan. Kasuwa ta wuce, ya biya na kasuwa. A kan wannan akwai ƙarin santi 20 a kowace laba, wanda ba ya shiga aljihun kowa kai tsaye. 'Yan ƙungiya ne ke zama su yanke abin da za a yi da shi, ko injin ɓare ɓawo, ko gadon shanya, ko rijiya.

Buhu mai kilo 60 laba 132 ne. A lokacin da kasuwa ta sauka wajen santi 90 a 2019, ƙungiyar da ta sayar a ƙarƙashin tsarin ta samu rarar sama da dala 60 a kowane buhu. Wannan rara ce ke hana gatari fitowa daga ɗaki.

Ban ce babu aibi ba. Ƙungiya ake ba kuɗin, sai ta cire na sarrafawa da dako kafin ya isa ga manomi, kuma in shugabanni ba su da amana, an gama. Masu bincike da ke zuwa duba littattafai kuɗi ake biyansu. Sannan samun tambari ba shi ne samun mai saye ba. Ƙungiyoyi da yawa wani kaso kawai suke sayarwa da wannan sharaɗi, sauran ya tafi kasuwa kamar na kowa.

Manoman da nake hulɗa da su ba su da tambarin, ni ma ba fitar da kaya waje nake yi ba. Amma na ari dabarar. Tun kafin fure ya zuba muke zama da su a gaban mai unguwa, mu tsayar da kuɗin da ba zan sauka ƙasa da shi ba, in ba da wani abu na kafin alƙalami don kuɗin masu tsinka. Sharaɗina ɗaya: jajaye kawai za a tsinko, a shanya a kan gado, ba a ƙasa ba. A shekarar da kasuwa ta karye na cika alkawari, duk da sai da na ci bashi kafin in biya yarana albashi.

Da farashi ya yi tashin gwauron zabi sai gwajin ya juyo kansu. Dillalai suka cika ƙauyuka da tsabar kuɗi a hannu, wasu daga cikin waɗanda na ba kafin alƙalami suka sayar musu da dare. Ya yi mini zafi, amma na san mai kuɗin makaranta a wuya ba ya iya jiran motata. Na ƙara kuɗi na kamo na kasuwa, kamar yadda muka yi alkawari tun farko. Baba kuwa buhunansa na jingine a zaure har na iso. Da muka gama awo ya ja ni bayan gida, ya nuna mini dashen gahawa a ledoji, jere a ƙarƙashin rumfar ciyawa, ya ce da ruwan farko zai kai su inda ya sare turare.